Da wane harshe ɓoyayyen tunani yake magana? Sharhi a kan hujjojin harshe na Freud da Lacan

0. Gabatarwa

Sikanaliz (psychanalyse), hanyar jiyyar da Sigmund Freud (1856-1939) ya kafa a birnin Biyana a ƙarshen ƙarni na 19, ba ta aiki da allura ko ƙwaya ko wuƙar fiɗa. Kayan aikinta magana ce. Majinyaci yakan kishingiɗa, ya faɗi duk abin da ya zo masa a baki ba tare da ya tace ba, manazarci kuwa yana zaune daga bayansa yana saurare. Daga abin da aka ji a irin wannan zama aka gina ra'in cewa akwai wani sashe na tunanin ɗan Adam wanda mai shi bai san da shi ba, alhali shi ke juya mafarkinsa da mantuwarsa da wasu cututtukansa. Tun da yake hujjar ta magana ce, masanin harshe yana da ta cewa.

Manufar wannan ƙasida ita ce auna hujjoji uku na harshe da aka kafa ra'in a kansu: suɓul da baka, kalmomi masu ma'ana biyu kishiyoyin juna, da da'awar Jacques Lacan (1901-1981) cewa ƙirar ɓoyayyen tunani irin ta harshe ce. Matsayinmu shi ne: duk inda Freud da Lacan suka yi magana a kan harshe a dunƙule, hujjarsu ba ta da ƙwari; inda kuwa Freud ya kasa kunne ga kalma guda a bakin mutum guda, cikin wani harshe takamaimai, nan aikinsa ya fi tsayawa. Wannan yana da sakamako ga wanda ya yi karatun likitanci da Faransanci, ya zo yana sauraren majinyaci Bahaushe.

A misalan Hausa, wasali biyu yana nuna dogon wasali, alamar ( ` ) tana nuna karin sauti na ƙasa, karin sama kuwa ba shi da alama.

1. Kalmar da abin da take nufi

Freud ya kira abin das Unbewusste, Faransawa suka fassara l'inconscient. "Rashin sani" ba zai yi ba a Hausa, don yana kai mai karatu ga jahilci ko kuskure. "Fita hayyaci" na mai suma ne. "Zuciya" ta yi faɗi, kuma mai ita yana jin abin da take raya masa. Za mu yi amfani da "ɓoyayyen tunani", bisa sharaɗin a tuna cewa wanda aka ɓoye wa abin shi ne mai tunanin kansa.

Kalmar ta girmi Freud. Eduard von Hartmann ya wallafa littafin falsafa sukutum a kanta a 1869, Pierre Janet kuma ya yi bayanin tunanin da ke gudana a ƙarƙashin sani a 1889. Abin da Freud ya ƙaro shi ne danniya (refoulement). A maƙalunsa na 1915 ya bambanta abu biyu. Akwai abin da ba ya cikin rai a yanzu amma ana iya tuno shi, kamar sunan ƙauyen kakannin mutum. Akwai kuma abin da wani ƙarfi na ciki ya danne saboda sanin sa zai jawo kunya ko tsoro, wanda ba ya fitowa sai a sake, ta mafarki, ta suɓucewar baki ko ta ciwon da ba a ga dalilinsa a jiki ba. Na biyun ne ɓoyayyen tunani. Ya ba shi siffofi: ba ya sanin korewa, ba ya damuwa da saɓani tsakanin buƙatu biyu, ba ruwansa da lokaci. Ya kuma ce hotunan abubuwa kawai ke cikinsa, haɗuwar hoton abu da kalmarsa kuwa sai a matakin da ke kusa da sani. Mai karatu ya riƙe waɗannan siffofi, za mu buƙace su a sashe na 4.

2. Hujja ta farko: suɓul da baka

A aikinsa na 1901 kan kurakuran yau da kullum, Freud ya buɗe da misalin kansa. A 1898, yana cikin tafiya daga Ragusa zuwa wani gari na Harzagobina, yana hira da wani baƙo, sai ya nemi sunan mai zanen da ya ƙawata majami'ar Orvieto a Italiya ya rasa. Sunan Signorelli ne, amma Botticelli da Boltraffio ke zo masa. Ga yadda ya warware: kafin nan suna zancen yadda Turkawan Bosniya ke ɗaukar mutuwa, shi kuma ya haɗiye wata magana a kan sha'awa da ya ga ba ta dace da baƙo ba, makonni kaɗan baya, a wani ƙauye mai suna Trafoi, ya sami labarin wani majinyacinsa ya kashe kansa. Signor a Italiyanci daidai yake da Herr a Jamusanci, Herr kuwa yana farkon sunan Harzagobina yadda Jamusawa ke rubuta shi. Bo daga Bosniya. Traffio daga Trafoi. Ke nan zancen mutuwa da sha'awa da ya danne ne ya ja rabin sunan ya nutse da shi.

Bayanin yana da ban sha'awa, sai dai akwai mai sauƙi kusa da shi. Signorelli da Botticelli gaɓa huɗu-huɗu ne, ƙarshensu ɗaya, duka masu zane ne na Italiya na zamani guda, na biyun kuma ya fi shahara. Masanin tsofaffin rubuce-rubuce Sebastiano Timpanaro, a littafinsa na 1974 kan suɓul da baka a wajen Freud, ya nuna cewa irin kuskuren nan shi ne wanda masu kwafar littafi da hannu suka saba yi: su sa sananniyar kalma a gurbin baƙuwa mai kama da ita. Duk wanda ya taɓa gwama kwafi biyu na rubutun ajami ɗaya ya san wannan. Timpanaro ya ƙara da cewa in an yarda a bi sarƙar tunani ta kowace hanya, ta sauti, ta ma'ana, ta fassara daga wannan harshe zuwa wancan, to babu kalmar da ba za a iya kai ta ga mutuwa ko sha'awa ba.

Tun kafin Freud, a Biyana ɗin dai, masanin harshe Rudolf Meringer da likita Karl Mayer sun fitar da tarin kurakuran baki a 1895, suka kasa su: musanya, riga-faɗi, maimaici, gauraye da sauyi. Freud ya ɗauki misalansu, ya ce bayaninsu bai isa ba. Binciken baya ya ba Meringer gaskiya a wurare da dama. Victoria Fromkin ta nuna a 1971 cewa kurakuran baki suna bin dokar harshen mai magana: baƙi da baƙi suke musanya, wasali da wasali, farkon gaɓa da farkon gaɓa, kuma abin da ya fito ba ya saɓa tsarin sautin harshen. Hausa tana da irin wannan musanya da ta zauna daram a ƙamus:

(1) a. bagaruwa / gabaruwa
b. hawainiya / wahainiya
c. kusurwa / sukurwa
d. bincike / binkice

Ba wanda zai nemi dannanniyar sha'awa a bayan gabaruwa. Haka wasan yara na gagara-gwari yake sa kowa tuntuɓen harshe a wuri guda, ko mene ne tarihin yarintarsa, domin tarkon yana cikin jerin sautukan.

Adalci ya sa a ambaci gwajin Michael Motley da Bernard Baars na 1979 a Amurka. Sun sa maza karanta kalmomi bibbiyu da sauri. Waɗanda aka tsorata da cewa za a ɗana musu lantarki sun fi suɓucewa zuwa kalmomin lantarki. Waɗanda wata mace mai jan hankali ta gudanar musu da gwajin sun fi suɓucewa zuwa zancen sha'awa. Abin da ke ran mutum yana iya karkata harshensa. Amma tsoron lantarki abu ne da suka san da shi sarai a lokacin. Gwajin bai taɓo danniya ba.

3. Hujja ta biyu: kalma ɗaya, ma'ana biyu kishiyoyi

A littafin fassarar mafarki na 1900, Freud ya ce mafarki yakan nuna abu da kishiyarsa da hoto ɗaya. Da ya ci karo da ɗan littafin Karl Abel na 1884, wanda ya yi da'awar cewa a harsunan farko, musamman na tsohuwar Masar, kalma ɗaya takan ɗauki ma'ana da kishiyarta, sai ya rubuta masa sharhin yabo a 1910. A ganinsa harshen farko da mafarki hali ɗaya gare su, kowanne shaida ne ga ɗan'uwansa.

Émile Benveniste ya rushe wannan a maƙalarsa ta 1956, wadda ta fito a fitowa ta farko ta mujallar La Psychanalyse ta ƙungiyar su Lacan, aka sake buga ta a tarin ayyukansa na 1966. Ya bi misalan Abel ɗaya bayan ɗaya. A Latin, clam "a ɓoye" da clamare "yin ihu" ba tushensu ɗaya ba, kama ce kawai ta sauti. Altus, da ake fassarawa da tsawo a wani wuri da zurfi a wani, ma'anarta guda ce, wato awo daga ƙasa zuwa sama. Mu ne muke raba ta biyu saboda muna duba inda mai kallo ya tsaya. Sacer tana nufin abin da aka keɓe wa alloli. Ko a girmama shi ko a guje shi, wannan halin jama'a ne game da abin. Bugu da ƙari, babu harshen da aka sani wanda ke zaman harshen farko. Na tsohuwar Masar ma cikakken harshe ne mai tarihi a bayansa.

Wanda ya yi karatun lugga a zaure zai tuna da babin aldadu na Larabci, wanda Ibn al-Anbari (ya rasu a 940) ya yi wa littafi, Ibn Durustawaihi kuma ya yi inkarin sa. Kalmar ƙur'u, wadda Malikawa da Shafi'awa suka ɗauka da ma'anar tsarki a lissafin idda, Hanafawa kuwa da ma'anar haila, tana cikin sanannun misalai. Wasu masana lugga sun ce asalinta ƙayyadadden lokaci ne, wanda ya dace da duka biyun. Bayanin ya yi daidai da na altus. Hausa ma tana da abin da zai ruɗi mai duba takarda kawai:

(2) a. yaa àri littaafìi "ya karɓi aro"
b. yaa aràa minì littaafìi "ya ba ni aro"
(3) a. yaa rànci kuɗii "ya karɓi rance"
b. yaa rantàa minì kuɗii "ya ba ni rance"

Da Abel ya ga "ara" a ƙamus da ma'anar karɓa da bayarwa, da ya sa ta a jerinsa. Amma tsarin giredin aikatau da F. W. Parsons ya fayyace a 1960 ya raba su: (a) giredi na 2, (b) giredi na 1, karin sautinsu daban, abin da ke bin su daban. Bahaushe bai taɓa rikita mai bin bashi da wanda ake bi ba. Harshe yana rayuwa ne da bambancewa. Wanda ya daina bambance karɓa da bayarwa ya daina aiki a kasuwa.

4. Hujja ta uku: Lacan da kimiyyar harshe

Daga jawabinsa na birnin Rum a 1953 zuwa maƙalarsa ta 1957 kan matsayin harafi a ɓoyayyen tunani, Lacan ya nemi ya dasa Freud a kan kimiyyar harshe. Daga Ferdinand de Saussure (darussan da aka buga a 1916) ya ɗauki rabuwar alama gida biyu, lafazi (signifiant) da ma'ana (signifié), sai ya ɗora lafazi a sama, ya ce ma'ana zamewa take yi a ƙarƙashinsa. Daga maƙalar Roman Jakobson ta 1956 kan cutar ɗaukewar magana ya ɗauki siffantawa (métaphore) da kinayar maƙwabtaka (métonymie), ya daidaita ta farko da dunƙulewa (condensation), inda mafarki ke cusa mutane da yawa a fuska ɗaya, ta biyu kuma da gusawa (déplacement), inda nauyin babban abu ke komawa kan ƙarami. Muna da suka uku.

Na farko, aron bai bi ƙa'idar masu kayan ba. A wajen Saussure lafazi da ma'ana ba sa rabuwa, tare suke samuwa, tare suke ɓata. Jakobson kuwa, a maƙalar da aka ara ɗin, ya sa gusawa da dunƙulewa duka a ɓangaren maƙwabtaka, ya bar wa ɓangaren kama wasu ayyukan mafarki daban. Lacan yana da damar ƙirƙiro nasa ra'i, amma bai kamata a ɗauka kimiyyar harshe ce ta sa masa hannu ba.

Na biyu, siffofin da Freud ya lissafa a 1915 sun saɓa wa siffofin harshe. Abin da ba ya sanin korewa yaya zai yi ƙirar harshe, alhali ba a sami harshen da ba ya korewa ba? Hausa kaɗai tana da ba...ba, da baa ta ci-gaba, da babu, da kada. Abin da ba ruwansa da lokaci yaya zai yi kama da tsarin da ke raba ya zo, yana zuwa, zai zo, yakan zo? Kuma Freud da kansa ya ce kalmomi ba a can suke ba. Almajirin Lacan, Jean Laplanche, ya ga wannan giɓi tun a taron Bonneval na 1960, inda ya karkata ga cewa ɓoyayyen tunani ne sharaɗin harshe. Malaminsa ya mayar masa da cewa akasin haka ne.

Na uku, kuma shi ne babba: an gwama rashin sani iri biyu. Masana harshe, tun daga Franz Boas a 1911, sun san mai magana yana bin dokokin da bai san da su ba. Bahaushe yana cewa sun zo, amma su ne suka zo. Bai taɓa kuskure ba, kuma in ba ya yi nahawu ba, ba zai iya faɗin dalili ba. Sai dai ranar da aka bayyana masa dokar, murmushi zai yi ya ce haka ne. Ba zai fusata ba, ba zai musa ba, ba zai daina zuwa aji ba. Ba abin da ya danne dokar; ba a dai taɓa nuna masa ita ba. Ɓoyayyen tunanin Freud kuwa ana gane shi ne ta turjiya (résistance), wato ƙin da majinyaci ke yi in an kusanci abin. Claude Lévi-Strauss ya yi aiki da rashin sani irin na Boas a nazarin dangantaka da tatsuniya, Lacan ya bi ta kansa ya shigo da shi ɗakin jiyya ya ba shi sunan na Freud. Tabbacin da ke ga na farko bai zama tabbaci ga na biyu ba.

Benveniste ya nuna wata hanya da ta fi dacewa. In akwai kama, to da salon magana take: sakaya zance, ishara, faɗin abu da kishiyarsa, rage magana don a ƙara mata nauyi. Salo kuwa a cikin wani harshe ake yin sa, a gaban wasu mutane da suka san dokar wasan.

5. Abin da ya tsaya

Duk wannan bai share aikin Freud ba. In aka koma ga rahotanninsa na jiyya, za a ga wuraren da suka fi gamsarwa su ne inda kalma ta zama gada a cikin harshen majinyacin. A rahoton 1909 na saurayin da tunanin azabar ɓeraye ya addaba, Ratten "ɓeraye" ta haɗu da Raten "biyan bashi kashi-kashi", da Spielratte, laƙabin ɗan caca, wanda ya dace da mahaifinsa da ya bar bashin caca bai biya ba, da heiraten "yin aure". Majinyacin ne ya yi ta kawo waɗannan da bakinsa, bashi da aure kuwa su ne ainihin damuwarsa. A Faransanci ko Hausa gadar ta karye: ɓera, bashi da aure ba abin da ya haɗa sautinsu.

A maƙalar 1927, wani saurayi ba ya jin sha'awar mace sai ya ga wani ƙyalli a hancinta. Ya yi yarinta a Ingila, ya koma Jamus, har ya kusan manta Ingilishi. Freud ya lura cewa Glanz "ƙyalli" ta Jamusanci tana ɓoye glance "kallo" ta harshen yarintarsa. Manazarcin da bai ji Ingilishi ba zai shekara bai ji wannan ba. Ralph Greenson ya ba da rahoto a 1950 na wata mata ƴar asalin Otirish da ta fara jiyya da Ingilishi a Amurka. Sai da aka koma Jamusanci sannan al'amuranta da mahaifiyarta suka fito, ita kanta kuma ta ce ba mutum ɗaya take jin kanta ba a harsunan biyu. Jacqueline Amati-Mehler da Simona Argentieri da Jorge Canestri sun yi wa wannan matsala littafi guda a 1990.

Darasin a fili yake. Ko mene ne ɓoyayyen tunani, in ya fito a ɗakin jiyya da Jamusanci yake fitowa, ko da Ingilishi, ko da Wolof, ko da Hausa. Ba a taɓa jin sa da harshe a dunƙule ba.

6. Kunnen mai saurare da bakin Bahaushe

Ra'in ya daɗe da isowa yankinmu. A asibitin Fann na Dakar, a sashen Henri Collomb, Marie-Cécile Ortigues ta saurari majinyata Wolof da Lebu da Serer daga 1962 zuwa 1966, ita da Edmond Ortigues suka fitar da Œdipe africain a 1966. Sun lura cewa majinyaci yakan zo da danginsa, kuma abin da a Turai yakan fito da kamar zargin kai, a can yakan fito da kamar farmaki daga waje: iska, maye ko sammu. A 1972 Jacqueline Monfouga-Nicolas ta wallafa nazarin bori na yankin Maraɗi, ta gina shi a kan ambivalence, wato so da ƙi a haɗe, kalmar da Eugen Bleuler ya ƙirƙira, Freud ya yaɗa. Saboda haka tambayar ta aiki ce: me kunnen da aka horar da Faransanci zai ji, me zai kuskure?

Tarko na farko karin sauti da tsawon wasali ne.

(4) a. wuyàa "gaɓar jiki" / wùyaa "wahala"
b. kuukaa "zubar hawaye" / kuukàa "itaciya"
c. bàaba "uba" / baabà "uwa ko gwaggo" / bàabaa "wanda aka dandaƙe" / baabaa "shukar rini"

Rubutun boko ba ya raba su. Wanda ya karanta (4c) a takardar tafinta, yana ɗauke da darasin Œdipe da tsoron dandaƙa, zai ga uba da uwa da dandaƙaƙƙe a kalma ɗaya, ya ɗauka ya tsinci dami a kala. A kunnen Bahaushe kalmomi huɗu ne. Wannan kuskuren Abel ne ya sake dawowa. Ta ɗaya gefen kuma, mawaƙa da masu barkwanci suna wasa da irin waɗannan tagwaye, don haka mai ciwon wuya da likita bai ga dalilinsa ba, wanda kuma ke ta ambaton wuyar zama, yana iya kasancewa ya gina gada irin ta Ratten. Tafinta zai ce cou a nan, difficulté a can, gadar ta ɓace. Wanda zai iya raba gadar gaske da ta takarda sai mai jin karin sautin da kunnensa.

Tarko na biyu shiru ne. A ƙa'idar sikanaliz, sunan da majinyaci ke kewayewa alamar turjiya ce. A ƙasar Hausa mace ba ta kiran sunan mijinta, takan ce maigida ko malam ko shi. Iyaye da yawa ba sa kiran sunan ɗan fari. Yaron da ya ci sunan kakansa ana ce masa Baba ko Abba don kada a ambaci sunan babba. Uwar da ta ce Baba ya hana ta barci tana iya nufin jaririnta. Wannan kunya ce da kara, doka ce da mai binta ya sani, yana kuma iya bayyana ta in an tambaye shi. Wanda ya fassara ta da danniya ya mai da ladabi cuta. Abin da ya cancanci a kasa masa kunne shi ne saɓa dokar: matar da sunan mijinta ya suɓuce mata a gaban baƙo.

Tarko na uku habaici ne da karin magana. Zance mai ciki biyu a nan fasaha ce da ake koyo tun a tsakar gida, mai yin sa ya san inda ya dosa. Majinyacin da ya amsa tambaya a kan kishiyar uwarsa da karin magana bai ɓoye wa kansa komi ba. Ya faɗa ne ta hanyar da ta halatta a gaban wanda ya girme shi. Haka nahawun jin jiki: tsoro ya kama ni, zuciya ta ɗebe shi, raina ya ɓaci, baki ya suɓuce. Jimlolin suna mai da mai magana karɓau, wani abu daban ya zama aikau. Da sauƙi a ce ga shaidar cewa Hausa ta riga Freud sanin wani ƙarfi a cikin mutum wanda ba shi ba. Amma yunwa ta kama ni ma haka aka gina ta, ba kuwa wanda ya danne yunwa.

Tarko na huɗu tafinta ne kansa. Luis Marcos ya nuna a 1979, a asibitocin birnin New York, da majinyata masu jin Sinanci da Sifaniyanci, cewa tafinta yakan gyara zancen da ya watse ya mai da shi shiryayye, ya tsallake abin kunya, ya taƙaita. Wato yana share daidai abin da manazarci ke nema: tuntuɓe, maimaici, kalmar da ba ta zauna a gurbinta ba. In tafintan ɗan'uwan majinyaci ne ko ƙaninsa, kunya ta ƙara shiga tsakani. Ko amintaccen tafinta yana iya mai da zuciyata tana ciwo ta koma mal au cœur, wanda Bafaranshe zai fahimta da tashin zuciya.

7. Kammalawa

Daga cikin hujjoji ukun, ta Abel ta faɗi tun 1956. Ta suɓul da baka ta ragu: yawancin kurakuran baki tsarin sauti da sabo sun isa su bayyana su, wanda ya ce akwai ƙari a wani kuskure shi ke da nauyin kawo shaida daga zancen majinyacin. Ta Lacan kuwa ta ari sunan kimiyyar harshe ba tare da dokokinta ba, ta gwama rashin sanin nahawu da danniya. Abin da ya rage, kuma yana da daraja, shi ne tarbiyyar saurare: a bar mutum ya yi magana, a kula da inda ya yi tuntuɓe, kada a yi gaggawar fassara. Freud ya amsa a 1937 cewa i ko a'a ta majinyaci ba ta tabbatar da fassara. Abin da ke tabbatarwa shi ne sabon abin da ya biyo baya daga bakinsa. Wannan ma'auni ba ya aiki sai manazarci yana jin bakin da kansa.

A 2025 kundin sake gina ƙasa ya ba Hausa matsayin harshen ƙasa a Nijar, ya bar Faransanci da Ingilishi a matsayin harsunan aiki. Ga fannin da muke magana a kai, akwai ayyuka uku da sashen harshe zai iya ɗauka tare da masu koyar da likitanci da ilimin halayyar ɗan Adam. Na ɗaya, tattara kurakuran baki na Hausa yadda Meringer ya yi wa Jamusanci, da karin sautinsu, don a san abin da yake na kowa kafin a ce wani na mutum ɗaya ne. Na biyu, tsara ƙamus na kalmomin damuwa, zuciya, rai, ciki, gaba, hankali, kai, yadda ake amfani da su a Maraɗi da Damagaram da Tawa, tare da bambancin karin harshe. Na uku, koya wa tafintocin asibiti su kawo zance yadda ya fito, da tuntuɓensa da shirunsa, su kuma gaya wa likita inda shirun na al'ada ne.